Hasumiyar da Baba Ya Gina da Duwatsun Unguwarmu

Mahaifina magini ne, amma ba na bulo ba. Da dutse yake aiki, irin baƙin dutsen nan na tsaunukan Makka wanda idan rana ta buge shi ba ka iya ɗora masa tafin hannu. A Tandabawi, wata unguwa a Makka, aka haife shi, a gidan da kakansa ya gina bayan ya iso da ƙafa daga ƙasar Hausa ta Chadi da Sudan, ya sauke farali, ya ce shi kam ya zo ke nan. Baba ya koyi sana'ar wajen wani tsoho mutumin Yaman, ya yi shekaru yana ɗaukar masa dutse kafin ya yarda ya ba shi guduma. Daga baya shi ma aka koma kiransa mu'allim, wato babban magini, kuma ko a gida idan Inna tana son ta tsokane shi da wannan sunan take kiransa.

Lokacin da na yi wayo, bulo da siminti sun riga sun cinye aikin. Abin da ya rage wa irin su Baba shi ne katangar da ke tare ƙasa a gefen tsauni, ko gyaran bangon tsohon masallaci. Ba ya ƙorafi. Idan akwai aiki ya fita bayan asuba, idan babu ya zauna a ƙofar gida yana gyara ƙotar guduma.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na gama karatun koyarwa ina jiran a kira ni aiki, aka zo aka shafa lamba da jan fenti a bangon gidajen layinmu. Kowa ya san ma'anarta, rushewa za a yi, domin an yi wa layukan da ke gabanmu. Cikin 'yan watanni muka kwashe kaya muka koma wani gidan haya a Kudai, hawa na uku. Maƙwabtanmu suka watse. Wasu suka nufi Aziziyya, wasu can bayan gari, wasu ma Jidda. Mutanen da muka yi shekaru muna miƙa wa juna kwanon tuwo ta kan katanga sai suka zama mutanen waya.

Hawa na uku bai karɓi Baba ba. Babu ƙofar gida da zai zauna, sai baranda ƙarama mai kallon inda motocin alhazai ke tsayawa. Ya rame, ya rage magana. Inna ta ce wa yayana ya nemo masa ko wane irin aiki ne, ko da na banza ne, in dai zai fitar da shi daga ɗaki.

Ba yayana ne ya samo aikin ba, aikin ne ya zo da kansa. Wata rana bayan la'asar wani ɗan kwangila ya hawo har gidanmu yana haki. An ba shi aikin yin hadiƙa, wato lambun shaƙatawa, a wani fili da ba shi da nisa da mu. A tsakiyar lambun ana son ƙaramar hasumiya mai siffar tsofaffin ganuwoyin da ake ginawa a kan tsaunuka a da. An ce masa in dai dutse ne, ya nemi Baba. Ni na kai musu shayi, na tsaya bayan labule ina jin su.

Ya shimfiɗa takardar zanen a kan darduma. Baba ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye shi da me za a gina.

“Bulo ne, mu'allim,” in ji mutumin. “Idan an gama sai ka lilliƙa mata siraran duwatsu a jiki, ta yi kama da tsohuwa.”

“To ai mai tayil kake nema,” Baba ya ce. “Ni ba na liƙi. Gini nake yi.”

Mutumin ya yi dariya, ya ce ina za a samo dutsen gini sassaƙaƙƙe a wannan zamani, wa ma zai zauna ya sassaƙa?

Baba ya ce an riga an sassaƙa. Kullum tifofi suna kwasar ɓaraguzan unguwarmu suna zubarwa a wani kwari bayan gari, kuma rabin abin da suke zubarwa dutse ne da maginan da suka fi shi suka gyara tun kafin a haife shi. Abin da ake buƙata kawai mota da mutum huɗu masu ƙarfi.

Ɗan kwangilar bai amsa a ranar ba. Bayan kwana uku ya dawo da injiniyan aikin, wani mai yawan shiru, suka tafi da Baba kwarin. Injiniyan ya ce ya yarda, da sharaɗin shi zai zuba tushe da kankare yadda ya ga dama, kuma matakalar ciki ma ta kankare ce. Baba ya ce abin da ke cikin ƙasa na injiniya ne, daga inda ido ke gani kuwa nasa ne. A haka suka rabu.

Wajen wata biyu Baba ya yi yana zuwa kwarin nan. Yayana ke kai shi da safe, da rana kuma mu kai masa abinci, ni ina zaune a mota. Daga nan nake hango shi a kan tsibin ƙasa da karyayyun ƙofofi, yana juya dutse da ƙafa, ya duƙa ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya saurara. Wanda ya yi masa sai ya nuna wa ma'aikata. Da yawa yana gane su. Yakan ce wannan saran malamina ne, dubi yadda yake karkata hannu. Wannan kuma daga gidan masu wankin nan ne na kan kwana, shuɗin fentinsu bai fita ba. Ya nemi dutsen dokin ƙofar gidanmu ya gaji bai samu ba. Abin da ya samu namu shi ne duwatsu biyar na bangon kicin, ya gane su da baƙin hayaƙi.

Ban san wanda ya fara yaɗa maganar ba, ina zargin Inna da wayarta. Ranar da aka fara ɗora sahu na farko, sai ga wani tsohon maƙwabcinmu ya zo daga Aziziyya da dutse a bayan motarsa. Ashe ranar da zai tashi ya ciro shi daga bangon zaurensa, ya kai sabon gida, ya rasa inda zai ajiye, matarsa kuma kullum sai ta yi tuntuɓe da shi. Bayansa wasu suka biyo. Mun yi mamakin yawan mutanen da suka ɗauko dutse suka ɓoye ba su gaya wa kowa ba, kowa yana jin kunya kada a ce ya zautu.

A cikinsu akwai Goggo. Ba 'yar'uwar Baba ba ce, maƙwabciyarmu ce ta jikin katanga, amma haka duk layin ke kiranta, har Baba. Daga Chadi ta zo tana amarya, mijinta ya rasu da daɗewa, ta riƙe 'ya'yanta da sayar da gyaɗa da yaji a bakin titi. Ta zo a tasi, direban ya sauko mata da wani dutse mai faɗi naɗe a tsohon zane.

“Na ƙofar ɗakina ne,” ta ce wa Baba. “A kansa marigayi yake zama ya yi alwala. Ka sa shi ƙasa-ƙasa, inda zan gan shi ba sai na ɗaga kai ba. Wuyana ba ya ɗaguwa yanzu.”

Baba ya juya shi, ya ce gefe ɗaya ya ɗan fashe, sai ya rage shi.

“Kada ka rage komai.”

“Goggo, ba zai zauna daidai ba.”

“Kai ne mu'allim. Ka zaunar da shi.”

Ya yi yini guda yana gyara duwatsun da za su kewaye shi don kada ya taɓa nata. Yana nan a sahu na uku, ɓangaren gabas, ya ɗan fito waje kaɗan fiye da sauran.

Ginin ya ci kusan shekara. Da aka gama, hasumiyar ta kai tsayin gida mai hawa uku, zagayayya, ƙasanta ya fi samanta faɗi. Tana da sirarun tagogi da hannu kawai ke iya shiga, a samanta kuma an yi mata haƙora-haƙora. Aka shuka ciyawa da dabino a kewaye, aka kafa lilon yara can gefe. Ɗan kwangilar ya so a rubuta sunan Baba a allon da za a manna kusa da ƙofa. Baba ya ce idan za a rubuta sai a rubuta duk wanda ya sari dutsen, shi kuwa bai san sunayen rabinsu ba. Allon da aka manna daga ƙarshe cewa kawai ya yi wannan gini ne irin na mutanen da. Bai ambaci unguwarmu ba.

Kafin a buɗe lambun, Baba ya karɓi mabuɗi ya ce Inna ta zo ta gani. Da hantsi muka je. Inna tana da ciwon gwiwa, matakalar kuma ƙunci gare ta, sai da muka tsaya sau uku kafin mu kai sama. Ta dafa bango ta huta, sannan ta tambayi Baba ina ne wajen gidanmu. Ya nuna mata da hannu. Babu abin da ake gani sai tsauni da dogayen otal-otal a bayansa. Ta daɗe tana kallon wajen.

“Ba a ganin komai,” ta ce.

“Ai na sani.”

“To me ya sa ka wahalar da ni?”

Ya ce yana so ne ta ga yadda ya haɗa bakin saman, domin daga ƙasa ba a gani. Ta sunkuya ta duba, ta bi layin da yatsa, ta ce ya yi kyau. Ba ta sake hawa ba. Bayan 'yan watanni ma masu kula da lambun suka sa kwaɗo a ƙofar saboda yara, kuma Baba ya ce sun yi daidai.

Babu wanda ya shirya abin da ya biyo baya. Ranar Juma'a bayan la'asar tsofaffin unguwarmu suka fara zuwa. Da farko mutum biyar ko shida, daga baya har da masu zuwa daga Jidda sau ɗaya a wata. Mata su shimfiɗa darduma a gefe ɗaya da fulas ɗin shayi, maza a ɗaya gefen. A nan ake jin wanda ya rasu da wadda ta haihu. Hausa kawai kake ji, irin wadda jikokinsu ba sa iya mayar da amsa da ita. Kowa kuma idan ya iso sai ya fara zuwa wajen dutsensa. Wasu su tsaya su kalla, wasu su ɗora hannu. Goggo takan shafa nata, wani lokaci bakinta yana motsi.

Wannan ne ya kawo magana. Limamin masallacin da ke kusa da lambun, mutum mai sanyin hali wanda Baba ke girmamawa, ya tare shi bayan sallar azahar. Ya ce mutane sun fara tambayarsa ko kabarin wani ne a wurin. Ya ce ya ga alhazai baƙi biyu sun tsaya sun shafa bangon saboda sun ga tsofaffi suna yi. Shi ya san niyyar mutanenmu, amma baƙo bai sani ba, kuma irin wannan abu da kaɗan-kaɗan yake farawa.

Baba ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya ce wa Inna da ya san haka zai zama da ya liƙa musu tayil ɗinsu ya huta. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai, domin mutum ne mai tsoron ya zama sanadin ɓatan wani. Juma'ar da ta biyo ya je da kansa ya tsaya gaban tsofaffin. Ina wurin, na raka Inna. Ya faɗa musu abin da liman ya ce, bai ƙara ba bai rage ba, sannan ya roƙe su su daina taɓa bangon.

Maza suka ce to. Goggo ce ta yi magana.

“Kana tsammani ban san dutse ba ne? Shekara nawa ina wanke shi da tsintsiya.”

“Na san kin sani, Goggo.”

“Ba roƙonsa nake ba. Marigayi nake yi wa addu'a, Allah nake roƙo. A gida ma ina yi.”

“To ki yi a zaune a nan. Wanda ya gan ki daga nesa bai san abin da ke bakinki ba.”

Ta juya kofin shayinta. Can ta ce to, ai dama shi ya gina, shi ke da iko. Daga ranar ta daina gaishe shi. Kusan wata biyu idan ya gaishe ta sai ta amsa wa Inna.

Baba ya je wajen masu kula da lambun ya nemi a dasa gajeren shinge na furanni a kewaye da hasumiyar, taku biyu daga bango, a kuma sa bencuna. Suka yi. Shi ya zaɓi inda za a kafa benci ɗaya, daidai gaban ɓangaren gabas. Goggo ta zo ta gani, ta zauna a kai. Makon da ya biyo ta aiko mana da yaji a kwalba, ta ce a ba mu'allim. Limamin ma daga baya yakan biyo ta wurin ya sha shayi da mazan kafin magariba. Goggo ta yi shekara huɗu tana zama a bencin nan kafin ta rasu.

Na fara koyarwa, na yi aure, na haihu. Baba ya tsufa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, sai a keken marasa lafiya. Duk da haka yana son a kai shi lambun, ni kuma nakan tura shi idan na taso daga makaranta. Zuwa wannan lokacin, rana da ƙura sun daidaita launin ginin, ya yi kama da abin da ya shekara ɗaruruwa.

Wata rana bayan Hajji muna zaune sai ga alhazai huɗu sun shigo suna jiran motarsu, da wani direba yana yi musu bayani da gurguwar Hausa. Ya ce musu wannan ganuwar Turkawa ce, daga samanta ake hango ayarin raƙuma. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi musu sallama. Suka yi mamakin jin Hausa a bakinsa, suka matso. Ya ce musu ba Turkawa ba ne, shi ya gina, kuma wannan 'yar tasa ta girmi ginin nesa ba kusa ba. Direban ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho. Ɗaya daga cikin alhazan, wani dattijo mutumin Kano, ya ce, “Allah Ya ba ka lafiya, Baba,” da muryar wanda bai yarda ba.

Baba ya ce masa, “Alhaji, zagaya ta bayan nan. Ka ƙirga sahu shida daga ƙasa. Za ka ga dutse mai rami biyu, na ƙarfen ƙofa, da ɗan shuɗin fenti a gefensa na dama.”

Mutumin ya tafi, ya ɗan jima, ya dawo ya tsuguna gaban keken. Ashe shi ma magini ne. Ya fara tambayar Baba yadda ya ɗaure sahu da sahu a gini zagayayye, da abin da ya cika tsakiyar bangon da shi. Baba ya manta da ciwo, yana zana masa a kan cinyarsa da yatsa. Har motarsu ta zo tana ta oda ba su gama ba. Da zai tafi ya ce wa Baba ya kamata a rubuta wannan a ajiye.

A hanyar gida Baba ya ce in sayo littafi. Mun yi makonni muna zagaya hasumiyar a hankali, yana nuna dutse da sanda yana faɗin gidan da ya fito, ina rubuta ɓangare da sahu. Wasu ya faɗa ba tare da tunani ba. Wasu ya yi ta kallo ya ce ya sani amma ya ɓace masa. Wasu kuma yau ya ce na gidan wane ne, gobe ya ce na wani, sai in rubuta duka biyun. Na sama ba ma iya ganinsu da kyau daga ƙasa, muka bar su. Ba mu gama ɓangaren arewa ba jikinsa ya tsananta, ya rasu a farkon sanyin shekarar.

Taron Juma'a bai mutu ba, amma ya ragu. Yanzu 'ya'ya ne suka fi zuwa, rabin hirar da Larabci. An san littafin yana hannuna, don haka lokaci-lokaci akan kira ni a waya.

Watan da ya wuce wani mutum ya zo daga Jidda, ya kai shekara hamsin, da 'yarsa budurwa. Mahaifiyarsa ta rasu kwanan nan, kuma ta sha gaya masa ta kawo wa Baba dutse daga gidansu. Na san gidan, na ƙarshen layi ne kusa da famfo. Muka haɗu da su a lambun, ni da mijina, na buɗe littafin na bi shi shafi-shafi, sau biyu. Babu gidansu a ciki.

“Ko a arewa yake?” ya tambaya, da na yi masa bayanin inda muka tsaya.

Na ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma yana sama, amma ban sani ba, kuma ba zan nuna masa wani dutse in ce shi ne ba. Ya gyaɗa kai. Ya fassara wa 'yarsa da Larabci, ta tambaye shi ko kakarta ta taɓa faɗin kamanninsa. Ya ce ta ce dai baƙi ne mai nauyi. Dukanmu muka yi dariya.

Suka zagaya ɓangaren arewa, suka tsaya a bakin shingen, yarinyar ta ɗauki hoton bangon daga ƙasa har sama. Sannan ya roƙe ni in rubuta sunan mahaifiyarsa a littafin ko da babu sahu. Na buɗe sabon shafi na rubuta, na sa ranar da suka zo. Mijina ya gayyace su gida cin abinci, suka ce sai wani zuwan, suna so su kama hanya kafin cunkoson yamma.